Gawon Inna da Jan Fentin Malam Jelani

Duk ranar da aka tara mu a makaranta aka ce wai yanzu ƙofa a buɗe take ga mai son koyarwa ko rubutu a kan itatuwa da ƙasa da ruwan sama, sai in cusa fuska cikin rigata in yi dariya. Ba ƙarya suke yi ba, ƙofar a buɗe take. Abin da ba sa faɗa shi ne irin mutanen da suka riga mu shiga. Na ga ɗaya daga cikinsu ina aji shida na firamare, kuma har yau kakata ba ta kiran sunansa ba tare da ta tofar da yawu ba.

Gidanmu yana ƙarshen Tudun Wada, a lokacin da gonaki ke manne da bayan katanga. Can bayan gidan akwai wani gawo da ya girmi duk wanda ke unguwar. Na Inna Yalwa ne, mahaifiyar babana. Ba ta da takarda a kansa, amma ko tsuntsu sai ya yi sallama kafin ya sauka. Da damina takan shuka gero a gindinsa, da rani kuma 'ya'yansa ne abincin jajayen awakinta bakwai, waɗanda ta fi so a kan jikokinta nesa ba kusa ba. In akuya ta yi tari, Inna ba ta cin tuwo. In ni na yi tari, sai ta ce in matsa can kar in sa wa akuya.

Bayan sallar isha'i ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan tona garwashi ta ɗora masara ko gyaɗa, mu kuma mu kewaye ta, mu da ba mu ƙirguwa sai an tsaya a ƙofa da sanda. Ba ta ɓata lokaci da doguwar buɗewa. Sai dai ta buga muciya a ƙasa ta ce kowa ya aje bakinsa a zaure ya shigo da kunne. Ni takan kira ni Maigida, irin wasan kaka da jika, tana cewa ba ta taɓa ganin mijin da ke cinye cefane kafin ya kawo shi ba.

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta gawo. Wai da can, in ruwan farko ya sauka, Damina kan zo da ƙunshin korayen riguna ta raba wa itatuwa. Kuka ta ture kowa ta ɗauki mafi girma, tsamiya ta zaɓi mai ƙananan ado, durumi ya sa tasa yana juyi. Gawo ma ya sa tasa. Sai ya ji wani ƙaramin kuka a ƙarƙashinsa, ashe gero ne na wani talaka, yana cewa inuwar rigar ta hana shi ganin rana. Nan take gawo ya tuɓe rigar ya shimfiɗa wa geron a ƙafa. Nan itatuwa suka fashe da dariya, suna nuna shi suna cewa ga tsirara, ga matacce. Haka ya tsaya cikin ruwa wata da watanni ana yi masa ba'a. Da rani ya zo, rigunansu suka yage suka zube, sai aka miƙo wa gawo sabuwa. Shanu da awaki da matafiya duk suka koma gindinsa, masu dariya kuwa suka tsaya da rassa a sama kamar masu roƙo.

A nan Inna kan juya masararta ta ce, "Kowa da lokacin rigatai. In kun ga mutum tsirara cikin damana, ku tambayi wa ya ba tasa." Daga nan sai ta kore mu da muciya, wai tatsuniya ta ƙare, masara ma haka.

Shekarar da nake magana, kuɗin man fetur da ƙasa ta samu sun haukata gari. Motocin siminti suna wucewa dare da rana, kowane ma'aikaci ya sayi babur ko da bai iya hawa ba. Sojojin da ke mulki kuma, bayan farin da aka sha, suka ce a dasa itatuwa ko ana so ko ba a so. Cikin wannan ruwan aka turo mana Malam Jelani makarantarmu. Ya yi kwas na wata shida a ƙasar Turawa, ya dawo yana tambayar yadda ake cin fura. Ƙafar wandonsa kaɗai za ta yi wa yara uku riga, kuma in yana tafiya takan share filin makaranta, har mai shara ya fara tsoron za a kore shi. Ma'aikatar da ke kula da dashe ta ba shi aiki biyu: ya rubuta littafin itatuwa don 'yan firamare, ya kuma zaga unguwanni ya sa alama a matattun itatuwa a sare, a dasa sababbi a wurin.

Ya san sunan kowane itace da wani yare mai tsawo da ba a jin sa ko a kasuwar dabbobi. Amma in ka tsayar da shi gaban aduwa ka ce mene ne wannan, sai ya ce bari ya duba littafi.

Wata rana cikin tsakiyar damina ya sanar da gasa. Kowa ya rubuta shafi biyu a kan itacen gidansu, wanda ya fi kyau za a buga shi cikin littafin da sunan yaron a ƙasa. Ni da ko a jikin bangon bayi ina rubuta sunana, ina jin haka kaina ya kumbura. Na zauna na kwashe tatsuniyar Inna tsaf na zuba a takarda, na ƙara gishiri, na rufe da cewa ga gawonmu can bayan gida yanzu haka, babu ko ganye ɗaya a kansa. Na ma zana masa hanyar gidan don ya zo ya gani ya yaba.

Ya karanta a gaban aji yana riƙe da takardar da yatsa biyu. Ya ce wannan surutun tsofaffi ne, itace ba ya tuɓe riga, kuma duk itacen da ba shi da ganye alhali ruwa na zuba, sunansa matacce. Aka yi mini dariya. Sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce abu ɗaya ne mai amfani a cikinta, zanen hanya.

Washegari da la'asar sai ga babur ɗinsa a bayan gidanmu, da gwangwanin jan fenti a rataye. Kafin Inna ta yafa gyale ya riga ya zana wa gawon wata ƙatuwar alama a ciki. Ta iso ta tsaya tana kallon sa tun daga takalmi har gashi, irin kallon da take yi wa naman da ya kwana.

"Ɗana, mi kaka yi ma itacen ga?"

Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata bayanin cewa ya mutu, gwamnati za ta ba ta goma a madadinsa. Ta ce masa gawo ne, haka yake yi, ya dawo bayan kaka ya ga ganye. Ya yi murmushin da likita ke yi wa mai ciwon kai, ya ce ilimi ya wuce nan.

"To sa akaihwarka ka ɓare ɓawon," in ji ta. "In ka ga bushe, ni da kaina ni ka kawo maka gatari."

Bai sa ba. Ya duba faratansa masu tsabta, ya ce ya riga ya rubuta shi cikin jerin da zai kai ofis, abin da ya shiga takarda kuwa ba ya fita. Inna ta je wurin babana. Baba ya ce zamanin soja ne, ba a jayayya da mai takardar gwamnati a kan itace, ya ɗauki fatun da yake sayarwa ya tafi kasuwa da sauri irin na wanda bai taɓa sauri ba.

Ranar Asabar aka kawo masu gatari uku, mutanen ƙauye ne. Babbansu ya kalli itacen, ya kalli Malam, ya tambaya a hankali ko dai an yi kuskuren gida, don wannan gawo ne. Malam ya ce a yi aiki. Sara na farko, ɓawon ya tashi, cikinsa ɗanye sharaf yana ƙyalli. Duk unguwa ta gani. Ni na ga Malam Jelani ma ya gani. Da ya ɗaga hannu a lokacin, da gawon ya warke da tabo ɗaya. Amma akwai mata a kan katanga da ɗalibansa a gefe, sai ya juya baya ya shiga goge madubin babur. Ya goge shi har itacen ya faɗi kan geron Inna.

Bayan kwana biyu Malam ya dawo da mai hoto da dashen dogon yaro goma, kowanne bai kai tsawon cokali ba. Aka ɗauki hoton Malam a durƙushe yana shafa ɗaya kamar jariri. Suna juya baya Inna ta kwance awakinta. Dogon yaro ɗaci ne da shi, ko akuya sai ta yi shawara, amma ranar sun ci shi har saiwa, ina jin don haushi. Da rani ya zo babu 'ya'yan gawo, ta sayar da huɗu daga cikinsu, ta ƙi bin su kasuwa.

Shekara biyar ke nan. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar haƙuri ne, ka tsaya a yi maka dariya har lokacinka ya zo. Yanzu na ga inda Inna ta rage mana labari. A bakin murhu, masu dariya baki kawai gare su. A gari kuwa suna da fenti da takarda, kuma ba sa jiran rani. Ina son rubutu har gobe, malamanmu ma suna cewa in nemi aikin, sai dai duk sanda na ɗauki alƙalami nakan fara tunanin aljihun da takardar za ta faɗa.

Inna tana nan, tana tona garwashi tana ba ƙannena labarin kura da biri da 'yar sarkin ruwa. Na gawo ne ba ta ƙara yi ba. In ƙananan suka matsa mata, sai ta nuna ni da muciya ba tare da ta dube ni ba.

"Ku tambayi Maigida," takan ce. "Shi ad da alƙalami."