Rikodar Baba da Ta Ƙi Gyaruwa

Komai daɗewa ba zan manta da wahalar da rikodar mahaifina ta ba ni ba. Shekaru sun shuɗe, amma har gobe idan na wuce shagon masu gyaran rediyo na ji warin dalma, sai ta faɗo mini a rai. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, ba na iya zama kusa da abin da ya lalace ban kwance shi ba, kuma duk gidanmu an san ni da haka.

Baba malami ne a Gwarzo, amma ba mai hawa mumbari ba. Aikinsa sauraro. Bayan sallar Asuba magidanta ke cika zaurenmu, manoma da 'yan kasuwa, wasu tun daga Getso da Lakwaya, kowa ya kawo haddarsa. Shi kuwa Baba sai ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, ka rantse barci yake yi. Da mutum ya karkatar da wasali ɗaya sai ka ga yatsansa ya tashi. Duk yankin an san shi da wannan kunne, kuma da shi ake girmama shi. Abin duniya ɗaya da na san ya shiga ransa shi ne rikodar da ya zo da ita daga aikin Hajji, wata baƙa mai hawa-hawa, tana cin kaset tana cin faifai, ga sifika biyu kowace ta kai gwiwar mutum. Da ita yake sauraron karatun alarammomi da tafsiri idan hantsi ya yi, in ya gama a lulluɓe ta da farin ƙyalle.

A lokacin ina koyarwa a Kabo. Ana dab da azumi Inna ta kira ni a waya, bayan mun gama gaisawa ta ce, "Malam ya ce ka zo ka duba masa rikodarsa. Wai muryarta ta shaƙe, kuma yana so a gyara kafin a ga wata."

Na ce, "Wannan ai aikin shan ruwa ne, Inna."

Da na isa na kunna ta, lalle akwai matsala. Sifikar hagu tana wata 'yar ƙara duk lokacin da mai karatu ya ja numfashi. Na sa sukudireba na buɗe bayanta, sai ga gidan zanzaro ɗamfare a jikin takardar sifikar, laka ta bushe ƙamas. Na kankare shi a hankali ina dariya. Wayoyin baya sun yi tsatsa har sun koma kore, na yanke bakinsu na feƙe na ɗaura sabo. Na jiƙa auduga da turare na goge wurin da kaset ke gogawa har audugar ta yi baƙi. Da na sake kunnawa, murya ta fito tas, kamar alaramman yana zaune a kan buzun da ke gabanmu. Na miƙe ina karkaɗe wando, ina jiran a sa mini albarka.

Baba ya saurara na ɗan lokaci, ya girgiza kai. "Har yanzu kamar a cikin rijiya yake karatun."

Akwai ɗalibansa a wurin, dattawa masu furfura. Na dube su. Ɗaya ya ce, "Gaskiya ne, Malam, ta shaƙe." Wani ya ce, "Ai ba haka muka san ta ba." Ƙanina da ke bi mini ma ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa. To, ni ɗaya ne mai kunne a garin? Sai na ce wa kaina wataƙila iskar babur ce ta toshe mini nawa.

Daga nan na shiga uku. Na ɗaure rikodar da roba a bayan babur na kai ta Kabo wurin wani mai gyara. Shi kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, bai taɓa karɓar kaya ya ce lafiyarsu ƙalau ba. Ya ce bel ɗinta mai juya kaset ya saki, ya sauya. Na mayar Gwarzo, Baba ya ce tana nan yadda take. Na dawo da ita, mai gyaran ya ce amfilifaya mai ƙara sauti ce ta gaji, ya narka dalma ya ɗiɗɗiga ko'ina. Na mayar, Baba ya ce babu canji. Wani abokin aikina ya ce ƙarancin wuta ne, na aro sitabilaiza mai daidaita wuta. Wani ya ce bango ne ke shanye sautin, na janye sifikun daga bango, na ɗora su a kan bulo, na juya su gabas, na juya su yamma. Har labulen ɗakin sai da na cire. Hanyar Kabo zuwa Gwarzo ta zama kamar hanyar masallacinmu, masu sayar da rake a bakin titi suka fara yi mini kirari da mai rikoda.

Abin ya hana ni sukuni. Ina tsaye gaban allo ina koyarwa, hankalina yana cikin wayoyi. Ina cin tuwo ina zana hanyar wuta da yatsa a kan tabarma, har matata ta ce in ba a yi hankali ba wata rana zan kwance murfin tukunyarta in duba sautinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fuskar Baba. Duk lokacin da na sauke rikodar daga babur, sai ya gyara zama, ya matso, idonsa ya yi haske irin na mai jiran bushara. Da an kunna sai hasken ya mutu. Ban taɓa ganin ya damu da wani abin duniya haka ba, kuma na kasa gane dalili.

Ana saura kwanaki kaɗan a ga wata, da rana tsaka, na sake haɗa ta na kunna, ya sake cewa ta shaƙe. Haushi ya kama ni. Na kama maɓallin da ke ƙara kaifin murya na murɗa shi har ƙarshe, na bi shi da na ƙarar. Wata irin tsuwa ta cika ɗakin, mai shiga haƙori. Kajin tsakar gida suka watse, na jiwo faɗuwar kwano a madafa. Na kai hannu da sauri zan rage, sai Baba ya riƙe mini hannu.

"Yauwa! Bar ta nan. Yanzu ta fara dawowa hayyacinta."

Na dube shi, yana murmushi, yana bin karatun da leɓe. Na zagaya baya kamar mai gyara waya, na zare wayar sifikar hagu gaba ɗaya, wadda ke daidai gefen da yake zaune. Rabin sautin ɗakin ya ɗauke. Baba bai ko motsa ba.

Na fita na sami Inna a madafa tana tsince shinkafar da ta zube. Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah, ke kina jin shaƙewar nan da ake faɗa?"

Ta ce, "Malam dai ya ce ta shaƙe."

"Na ji abin da Malam ya ce. Ke fa?"

Ta daɗe tana tsintar shinkafa kafin ta ce, "Tun damina nake yi masa sallama sai na maimaita. In na kai abinci sai na taɓa ƙofar da ƙarfi, kada ya firgita."

"To me ya hana ki faɗa, kika bar ni ina ta zarya a titi?"

Sai ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "Da wane bakin zan faɗa? Mutumin da duk garin nan kunnensa ake zuwa nema? Kai ma da kake ta zafi, je ka faɗa masa mu gani."

Gaskiyarta. Na koma ƙofar ɗakin na tsaya, na juya, na fita waje na zagaya gidan, na dawo na sake tsayawa. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, sai ga shi na rasa ta inda zan fara. Har na shirya wata ƙarya, in ce kayan gyaran sai an aiko daga Legas, in samu azumi ya wuce. Bayan La'asar Baba da kansa ya rufe mini wannan ƙofa. Ya ce, "Gobe ka kai ta Kano. Can akwai manyan masu gyara, na Kabon nan ya gaza."

Na durƙusa a gabansa, na sunkuyar da kai yadda aka koya mana, na ce a hankali, "Baba, rikodar nan lafiyarta ƙalau."

Ya ce, "Me ka ce?"

Ban taɓa jin nauyi irin na wannan lokacin ba. Maganar da nake so in faɗa cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, ita ce dole in ɗaga murya a kanta. Na matsa kusa da kunnensa na dama, na faɗa da ƙarfi, yadda ban taɓa yi wa mahaifina magana ba: "Baba, ba rikodar ba ce! Kunnenka ne!" Na san Inna ta ji daga madafa, na san maƙwabta ma sun ji. Dakan da ake yi a gidan bayanmu ya tsaya.

Na yi zaton zai yi fushi. Sai ya miƙa hannu ya kashe rikodar, ya ɗauki carbinsa yana ja. Can ya ce, "Na sani."

Na ɗago na dube shi.

"Kwanakin baya wani ya tsallake aya sukutum a gabana, ban ji ba. A fuskokinsu na gani. Suka dubi juna, babu wanda ya ce uffan, mutumin ya tashi ya tafi da kuskurensa yana ganin Malam ya saurare shi." Ya ƙara da cewa, "Da rikodar ta fara shaƙewa sai na ce, to, wannan dai ƙarfe ce, ana gyara ta. Idan ta gyaru na ji ta tas, ka ga ke nan da saurana. Shi ya sa nake ta aikenka. Na tambayi kowa, kowa ya ce mini ta shaƙe."

A nan hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Tausayinsa ya kama ni, kuma haushin dukanmu ya kama ni. Mutumin nan ya daɗe yana tambayarmu gaskiya ta hanyar da zai iya, muna ta ba shi amsar da muke ganin ita ce ladabi.

Washegari bayan Asuba na zauna a bakin zaure. Kafin kowa ya buɗe baki, Baba ya ce wa ɗalibansa, "Kunnena ya yi nauyi, kun sani, ni ma na sani." Ya kira babban ɗalibinsa ya zaunar da shi a gefensa a kan buzu, ya ce daga yau su biyu za su riƙa sauraro. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Duk wanda ya ƙara jin kuskure a Littafin Allah ya yi shiru don kunyata, ban yafe ba." Dattawan nan suka sunkuyar da kai, wani yana goge ido da bakin rawani. Sai ya sa aka nemo mutumin da ya tsallake ayar, ya matso da shi har gwiwarsu tana haɗuwa, ya ce ya sake kawo wurin da ƙarfi.

Bayan Sallah na kai shi asibiti a Kano, aka ba shi ɗan abin sawa a kunne. Bai mayar masa da jinsa na da ba, amma ya ci gaba da zama a zaure shekaru masu yawa, har Allah ya karɓi abinsa. Likitan ya ce da an zo da wuri da an fi samun sauƙi, kuma wannan maganar ba ta bar ni ba har yau.

Abin da na koya shi ne, akwai kunyar da ba girmamawa ba ce. Idan babba ya tambaye ka abu, ka duba da kyau, wataƙila ya riga ya san amsar, yana neman wanda zai tsaya kusa da shi ya faɗa ne kawai. Mu duka muna son Baba, kuma da wannan son muka bar shi shi kaɗai da tsoronsa tun damina har bakin azumi.