Tsagar da na liƙe, na kuma ɓare

Duk Kwarbai a shekarun saba'in ba wanda ya kai ni tsanar ƙarar shaƙewa a rediyo. Gyaran rediyo nake yi a zauren gidanmu, kuma in na gama da kayanka sai ka ji numfashin mai karanta labarai. Da wannan nake taƙama, kuma shi ya kusa ja mini abin kunya.

Ina da aboki malamin firamare a Wusasa, tare muka yi makaranta. Ticha nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya don tsokana. Wata Litinin da hantsi ya iso da akwati ɗaure a bayan keke, da jita a saɓe. Amfilifayar wansa ce, wato na'urar ƙara sautin jita, wanda ya rasu shekara guda kafin nan. Tsohuwa ce ƙwarai, irin mai bawul, wato ƙwayayen gilashin nan da suke ja in sun ɗau zafi.

Ya ce, "Injiniya, Mama ce ta matsa. Idonta ya tafi, jiki ma sai a hankali. Ta ce kafin ta bi shi tana so ta sake jin kiɗan ɗanta a tsakar gida. Na yi mata alkawarin ran Lahadi mai zuwa. Amma abin da an kunna sai gurnani, sannan ya ɗauke."

Na ce, "Wannan ne ya ɗaga maka hankali? Je ka, ka dawo Juma'a."

Ina buɗe bayanta na sa hannu, alhali na zare ta daga wuta, sai ta fizge ni har gwiwar hannu. Wayyo! Ashe kwandansa, wani ɗan gwangwani da ke cikinta, tana riƙe wuta ko an kashe. Na zage ta tas, na koma na zauna. Laifin ma nata ne, ta kumbura tana yoyo, ita ke kawo gurnanin. Ɗaukewar kuwa ƙafar bawul ɗaya ce ta saki, na ɗiga mata dalma. Kafin la'asar aikin da aka ba ni ya ƙare.

Da na tsaya nan da na huta. Amma ina! Idona ya faɗa kan takardar lasifikar, na ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa. Ga kuma wani bawul da ya gaji, cikinsa ya yi duhu. Na ce a raina, haba, marigayi ya yi ta kiɗa da wannan ragwajajjen abu ba wanda ya tausaya masa? Na yanko takarda mai kauri na liƙe tsagar da gam. Na hau keke har Sabon Gari na samo sabon bawul. Tsohon na wurga shi cikin gwangwanin tarkace. Ina yi ina jin daɗin kaina, wallahi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Ticha ya zo. Ya jona jitar, ya kaɗa. Sauti ya fito garau, ba ko ɗigon datti. Na harɗe hannu ina jiran yabo. Ya sake kaɗawa, ya ɗora tafinsa kan tsirkiyoyin.

Ya ce, "Me ka yi mata?"

"Gyara ta na yi."

"Ba ita ba ce. Ta Yaya tana da 'yar shaƙewa, kamar mai mura yana waƙa. Mama ba gani take ba, da kunne za ta gane shi. In ta ji wannan cewa za ta yi wani baƙo ne."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Wato kwana huɗu ina wahala, yanzu so kake in lalata?" Idonsa ne na ga ya kawo ruwa, mutumin da ko a makaranta bulala ba ta sa shi kuka. Garin gyaran gira na tsone ido.

Na juye gwangwanin tarkace a tabarma. Allah ya taimake ni tsohon bawul bai fashe ba. Na mayar da shi. Sannan na ɗauki reza, na fara ɓare liƙin da na yi. Ticha yana kaɗawa, ina ɓarewa kaɗan-kaɗan.

"Ƙara."

Na ƙara.

"Saura ƙiris... tsaya! Kada ka sake taɓawa."

A kunnena dai ɓarna ce tsantsa. Tunda nake ban taɓa lalata aikina da hannuna ba sai ranar.

Ran Lahadi da yamma na bi shi Wusasa, wai ko wani abu zai saki. Gaskiya tsoro ne ya kai ni. Aka shimfiɗa wa Mama tabarma a gindin mangwaro, na durƙusa na gaishe ta. Bawul suka yi ja, Ticha ya fara wata waƙar coci da wansa yake yawan kaɗawa. Tsohuwa ta karkata kai, ta daɗe ba ta motsa ba.

Can ta ɗaga hannu, ta ce da faɗa, "Kai, rage abin nan! Kai kaɗai ne a unguwar?"

Na miƙa hannu zan rage, Ticha ya riƙe ni. Ya raɗa mini, "Bari. Haka take ce wa Yaya kullum."

Sai ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta suna girgiza. Ta ce, "A'a, ɗana, bar shi. Ƙaro."