Haƙarƙarin Laima

Shekara arba'in Masassaƙi yana zana ganye da fure a jikin ƙofofi da akwatunan katako, bai taɓa sayen ƙaramin kurfin sassaƙa a kanti ba. Da hannunsa yake yin abinsa, daga haƙarƙarin tsohuwar laima. Ƙarfen yana da kwari a tsakiya kamar indararo. A yanke shi, a wasa baki, a sa ƙota, shi ke nan. Mafi siranta a cikinsu shi yake kira Auta, da shi yake fitar da jijiyar ganye.

Ranar da Auta ya karye, akwai murfin akwati a kan bencinsa, jijiyoyin kawai suka rage. In babu Auta babu aikin, in kuwa babu irin wannan aiki, sai ya koma gyaran ƙafar kujera kamar kowane kafinta. Shi a wurinsa gara ya rufe shagon.

Ya bi layin masu kayan ƙarfe kanti-kanti. Wani ya miƙo masa kurfi mai faɗin yatsa biyu.

"Ɗana, jijiyar ganye zan yi, ba kabari zan tona ba."

Mai gyaran laima ya zube masa tari guda. Masassaƙi ya ɗauki ɗaya, ya lanƙwasa shi da yatsa, ya ajiye.

"Baba, na yanzu duk gwangwani ne," in ji mai gyaran. "Irin wanda kake nema ya bi masu shi."

Ba duka ba. Akwai guda a bayan ƙofar ɗakinsa, baƙar laimar matarsa, wadda ta gada daga yayarta. Ko 'ya'yan cikinta ba ta ba su aronta. Kwana huɗu yana wucewa ta gefen laimar, ya ɗan ɗaga ƙyallen, ya ƙyasta ƙarfen da farce, ya saurari ƙararsa, ya saki. Bai tambaya ba. Ya san ba ta da wani abu na marigayiyar sai wannan.

A na biyar yana zaune a shago yana kallon murfin, sai ga matarsa. Ta dangwara masa siririn ƙarfe a kan benci.

"Ungo. Na gaji da ganin tsoho yana zawarcin laima."

"Ke, Tsohuwa! Wa ya aike ki?"

"Fuskarka. Kwana huɗu kamar an aiko maka da mutuwa."

Ya juya ƙarfen, ya duba bakin. "Da me kika yanke?"

"Da almakashin ɗinkina. Shi ma ya tafi, sai ka san yadda za ka yi."

"Ta Yaya ce fa."

"Yaya ta bar haƙarƙari takwas. Bakwai sun ishe ni, ni ba ƙatuwa ba ce."

Bai yi godiya ba, ba su saba ba. Ya jawo dutsen washi ya ɗiga mai. Ita kuwa ta share garin katako daga kan kujera ta zauna, tana mitar ƙurar shagon.

Da bakin ƙarfen ya yi kaifi, ya kafa ƙota, ya ɗora a kan ganyen farko ya tura a hankali. Katako ya murɗo siriri kamar gashi, bai tsinke ba.

"Ya ci?" ta ce.

"Matsa, kin tare mini haske."