Garwar Goggo

Jiya ƙamshin ganyen tsamiya a tafasasshen ruwa ya tuno mini da Goggo, ƙanwar mahaifina.

Na yi haihuwar fari a Sabon Gari kafin 'yancin kai, ga shi ba ni da uwa. Kullum Goggo ke takowa daga Fagge ta dafa mini ruwan jego a tsakar gida. Ba ta hura wuta sai ta girgiza garwa ta ji ta zauna daram a murhu.

Wata maƙwabciyata 'yar ƙabilar Ibo, mai tsohon ciki, ta ce mata, "Mama, ni wa zai dafa mini?"

Goggo ta ce, "Kawo garwarki in kankare warin kananzir tukuna."

Da ta haihu, ita ma kwana arba'in Goggo ta yi tana dafa mata, ba fashi. Allah Ya sanyaya makwancinki, Goggo.