Sanyin Ruwan Duro

Ku matso kusa, 'ya'yan nan, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a ƙofar gidanmu aka yi ta, can Furfuri, shekarun da mai ya yi wuya, gab da soja su sauka daga mulki.

Maigidana, Malam, ya sayar da shanun huɗarmu, ya tafi Gusau ya sayo injin niƙa tsohon hannu. Ba mu da komai bayansa. In ya yi ƙara mu ci tuwo, in ya yi shiru mu kwana haka nan. Babban ɗana shi ke tayar da shi.

Injin nan ruwa ke sanyaya shi. An kafa duro a gefensa, tiyo ya haɗa su, ruwa ya shiga cikin ƙarfe ya kwaso zafi ya komo duro. Bakaniken da ya kafa shi ya ce, "Ku riƙa tsoma hannu a duro. In ya ƙona ku, ku kashe inji ya huta." Ma'auninmu ke nan, tafin hannu. Da shi nake gane zazzaɓin yaro, sai na ga abin ba wuya.

Bazara ta yi tsanani, rijiya ta ja baya, muka koma cika duro da ruwan tafki, ja wur da laka. Jajibirin babbar Sallah mata suka jera ƙore har bakin hanya. Tun hantsi inji bai huta ba.

Ɗana ya ce, "Baba, ƙarar nan ta sake. Ƙauri nake ji."

Uban ya tsoma hannu a duro, ya yi dariya. "Kai dai rago ne. Ruwa kamar na randa! Ke, zo ki taɓa ki ji."

Na taɓa. Sanyi ƙalau. Na ce alhamdu lillahi. Wata tsohuwa daga cikin layi ta ce, "Malam, a niƙa mana, ko tsaba za mu ba baƙi su tauna?"

Ashe laka ce ta toshe tiyo. Ruwan yana zaune wuri guda bai je ko'ina ba, shi ya sa bai ɗumama ba. Ƙarfen kuwa yana can yana dahuwa.

Bayan la'asar hayaƙi ya turnuƙe rumfar da injin yake, fentin kan inji yana ƙuna yana ɓarewa. Malam ya ruɗe, ya suri bokiti ya kwara masa ruwan sanyi, yadda ake yi wa wanda ya suma. Muka ji ƙas! Ƙarfen ya tsage tun daga sama har ƙasa. Mata suka ɗauki ƙorensu suka watse.

Aka kai shi Gusau, aka kai shi Tsafe wurin mai walda. Kowa ya duba sai ya girgiza kai.

Damina ta sauka ba mu da shanu. Malam ya koma wa fartanya da tsufansa, gonar ta fi ƙarfinsa, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ɗana ya tafi Gusau yana dako a tasha, har yau ko Sallah ba ya zuwa. Injin, masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauke. Duron yana nan bayan ɗakina, ruwan sama nake tarawa a ciki. Da moɗa nake ɗiba, ba na tsoma hannu.