Daminar da Motar Baba Ta Riƙa Ja Dama

Shekarar da Baba ya yi ritaya daga aikin malamin gona, a cikinta aka yi masa aikin yanar ido. Likita ya ce kada ya kuskura ya taɓa sitiyari sai bayan damina, in an sake duba shi. Wannan magana ta fi aikin idon yi masa ciwo. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanya, daga Kazaure zuwa Roni, daga Roni zuwa Gwiwa, yau yana wannan fadama gobe yana waccan, da fari a kan babur, daga baya a wata doguwar mota ruwan toka da ta girmi autanmu. Sai ga shi zaune a zaure da baƙin tabarau, yana sauraron rediyo har a maimaita masa labaran da ya riga ya ji.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kano, na zo gida dogon hutu. Ƙannena maza duk ba sa gari, don haka tuƙi ya faɗo kaina. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "Uwata" yake ce mini tun ina rarrafe.

Ranar da na kai shi asibiti a Kano a duba idon, ya ce tunda mun shigo birni a yi wa motar saitin ƙafa, abin da makanikai ke kira alaimen, domin tayoyin gaba suna cinyewa ta gefen ciki. Aka ɗora ta a kan na'ura aka saita. Tayar gaba ta dama ta riga ta suɗe, aka cire ta aka sa wata 'yar gwanjo mai sauran kyau. Muka kamo hanyar gida.

Mun wuce Dambatta na fara jin kafaɗata tana tsami. Da na ɗan sassauta riƙon sitiyari, sai motar ta sulale dama, tana neman bakin kwalta.

"Baba, motar nan fa tana ja."

"Ina take ja?"

"Dama."

Ya gyara zama. Tun da aka yi masa aikin ban ga ya motsa da sauri haka ba. "Saki in gani. A'a, kada ki ɗauke hannun gaba ɗaya, ki dai sassauta."

Na sassauta, ta sulale. Ya ce in sake. Kafin mu ga duwatsun Kazaure na sake ya fi a ƙirga.

Washegari muka kai ta wajen bakaniken da ya saba gyara masa ita tun tana sabuwa. Ya zaga gari da ita, ya dawo ya shiga ƙarƙashinta, ya girgiza ƙafafun, ya fito yana goge hannu.

"Malam, saitin nan dai ban ga laifinsa ba, sitiyari a tsaye yake. In mota ta ja bayan saiti, sau da yawa ba saitin ba ne. Ko iskar taya ba ɗaya ba, ko birkin gefe guda yana riƙewa, ko kaya sun yi nauyi ta ɓangare ɗaya, ko kuma ita kanta tayar. Ka bar mini ita zuwa la'asar in bi su duka."

Baba ya ce, "A'a, bar mu da ita. Mu ma za mu bi su, a hankali."

Da maraice ya aika aka kira masa amininsa, wanda muke ce wa Baba Safiyo. Mutumin Filato ne, Kirista, ya zo ƙasar Kazaure tun yana saurayi yana awon hanyoyi, ya yi aure ya hayayyafa a nan, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Ƙato ne, mai dariya da dukan jikinsa. Shi ma ya ajiye aiki, shi ma zaman gida ya ishe shi. Bai gama jin bayani ba ya yanke hukunci.

"Ba laifin mota ba ne, Malam, titi ne. Kowane titi ana yi masa ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka. Ni na auna su, na sani."

"Shekara nawa nake bin titunan nan naka ba ta ja ba?"

"Da kana da ƙarfi, ba ka ji."

Daga nan aka soma. Da safe Umma ta cika mana jarka da kunun zaƙi, Baba ya zauna gaba, Baba Safiyo ya cika kujerar baya, muka tsaya wajen mai faci. Aka gwada iska, aka tarar tayar dama ta ɗan yi ƙasa. Baba ya yi murmushin mai nasara, ya ce a daidaita. Na ɗauka za mu gwada ta nan bakin dam mu dawo, sai ya ce hanyar nan ba ta isa gwaji ba, mu miƙa Roni.

Ban manta hanyar Roni a wannan damina ba. Gero ya kai kafaɗa, duwatsu sun yi kore shar, ruwa kwance a kowane kwari, shanu suna tsallaka titi ba sa ko kallonmu. Motar kuwa ta ci gaba da janta, sai dai ta ɗan rage. Babu wanda ya damu. Baba yana nuna mini inda babur ya taɓa kayar da shi cikin taɓo da buhun iri, Baba Safiyo yana nuna wata kwalbati yana cewa da hannunsa ya kafa turakunta. A Roni muka tsaya gindin wasu mangwarori a bakin wata makaranta. Baba ya fita ya dafa ɗaya, ya ce a leda ya kawo su, a bayan babur, ba su kai tsawon hannu ba. Kafin ka ce me, dattawa sun taru. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo dafaffiyar gyaɗa, ana ta "Malam, ashe kana nan?" Sai bayan la'asar muka taso.

Bayan kwana biyu Baba Safiyo ya ce lokaci ya yi da za a gwada tasa maganar, kuma babu inda ya dace sai hanyar Babura, inda ƙasa take shimfiɗe, titi ya miƙe ba kwana. A wani wuri da babu mota gaba babu baya ya sa na tsaya. Ya sauka da kwalbar ruwa rabi, ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da ita a kan kwalta. Ruwan ya taru gefe guda.

"Ka gani? Gangare!"

"Ban gani ba, an hana ni kallon rana," in ji Baba.

"To Uwarka ta gani."

Na ce na gani. Amma Baba ya ce in dai gangare ne, to in na koma ɗaya hannun titin ya kamata motar ta ja hagu. Muka duba hanya fayau, na tsallaka ɗaya hannun na sassauta riƙo. Ta sulale dama abinta. Baba Safiyo ya ce ai titin Babura ba shi ya auna shi ba.

Da muka isa Babura, ranar kasuwa muka tarar. Na bi su a baya cikin layin hatsi, Baba yana tsoma hannu a buhuna yana murza ƙwaya, yana tambayar mutanen Nijar yadda ruwa ya yi musu bana. Da aka kira azahar muka tafi salla, Baba Safiyo ya zauna a rumfar mai balangu. Muka dawo muka tarar ya sa an yanka mana, an ware wa Baba marar kitse.

A hanyar dawowa Baba ya waiwaya ya dube shi sama da ƙasa. "Safiyo, bakanike fa ya ce kaya masu nauyi a gefe guda. Tun da muka fara, a dama kake zama."

Dariya ta hana ni tuƙi sai da na tsaya. Baba Safiyo ya matsa hagu yana mita, yana cewa shekara da shekaru yana cin tuwon gidan Malam, yau an mai da shi buhu. Motar ba ta fasa ja ba. Duk da haka washegari sai da muka zazzage but ɗin motar. Muka fito da tsohon famfon feshi, da takalmin roba ƙafa ɗaya, da igiyar awon gona da ta ruɓe. Kowanne sai Baba ya juya shi a hannu ya faɗi inda ya samo shi.

Birki ma ya ci nasa yinin. Baba ya ce in yi tafiya mai ɗan nisa ba tare da na taka shi ba, in bar motar ta tsaya don kanta. Muka yi haka ta wajen Yankwashi. Suka sauka su biyu suna zagaya ta, suna kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa don su ji wadda ta fi zafi. Duk ɗaya suke. Wani makiyayi ya tsaya da sandarsa a wuya yana kallon tsofaffi biyu suna shafa mota, har ya kasa haƙuri ya tambaya ko lafiya.

Hutuna ya fara ƙarewa. Wata safiya ina taya Umma tsince shinkafa na ce mata abin ya fara damuna, kada in koma Kano in bar Baba da mota mai ja.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke kin ɗauka bai san abin da ke damunta ba? Tun ranar da kuka dawo daga Kano ya ce mini sabuwar tayar nan ce. Ki dubi yadda yake cin abinci yanzu. Ki dubi yadda yake barci."

Na ci gaba da tuƙa Baba duk inda ya ce. Shi da kansa, ana saura 'yan kwanaki in tafi, ya ce, "Uwata, gobe a musanya tayoyin gaba. Ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama."

Bakanike ya ɗaga ta da jak ya musanya, ya yi mana fatan a dawo lafiya. Muka ɗauki hanyar Gwiwa. Da muka sami miƙaƙƙen wuri na sassauta hannu. Motar ta ɗan yi jim, sai ta sulale hagu.

Baba Safiyo ya buga cinya. "Hagu! Malam, ta koma hagu! Tayar ce, 'yar banza!"

A ido ba ta da aibu, zanenta raɗau, amma a ciki ta karkace, duk gefen da aka sa ta can take jan motar. Baba ya gyaɗa kai kawai. Na rage gudu ina neman inda zan juya.

"Ina za ki?"

"Gida, Baba. Ai mun gano."

"Miƙa. Akwai wanda nake son gani."

Wani ƙauye ne gaba da Gwiwa kaɗan, sai an sauka daga kwalta an bi burji. Baba ya ce akwai wani manomi a can, shi ne mutum na farko a duk yankin da ya yarda ya ba shi gefen gonarsa ya gwada sabon irin gero mai saurin nuna, lokacin da kowa ke gudunsa. Muka yi sallama a ƙofar gidan, wani magidanci ya fito. Ɗansa ne. Ya ce ai tsohon ya rasu tun bara da rani.

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a dakali ya yi addu'a mai tsawo, Baba Safiyo ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Da aka shafa, magidancin ya dubi Baba da kyau ya ce, "Ko kai ne Malamin? Don Allah taso ka gani."

Ya kai mu bayan gari. Gero ne ya riga na maƙwabta fitar da kai, zangarniya cike, tsuntsaye na ta shawagi. Ya ce har yau wancan irin da Baba ya kawo ne, kowace shekara tsohon yakan ware na shuka, su ma haka suke yi, rabin ƙauyen shi suke shukawa.

"Ɗan Malam muke ce masa. Yara ma ba su san wane Malam ba ne."

Baba ya cire baƙin tabarau. Na buɗe baki zan tuna masa maganar likita, Baba Safiyo ya girgiza mini kai. Baba ya shiga cikin geron har ya ɓace mana, muna jin motsin ganye kawai. Da ya fito idon yana ruwa, ya ce hasken ne.

Hadari ya taso muna hanya. Na tuƙo a hankali cikin ruwan sama, ina riƙe da sitiyari da ƙarfi, har muka shigo Kazaure.

Aka mai da tayar baya, aka kawo ta baya zuwa gaba, motar ta miƙe sak. Bayan damina likita ya sallami Baba, ya ci gaba da tuƙa kansa wasu shekaru, a hankali, ba ya wuce la'asar a waje. Baba Safiyo ya koma Filato wajen 'ya'yansa da ƙafa ta fara ba shi wahala. Yanzu duk su biyun babu su.

Ran da muka baro ƙauyen nan, magidancin ya yanko zangarniyar da ta fara nuna ya ɗaure ya sa mana a but. Umma ta so ta daka ta yi fura, Baba ya hana. Ya rataye ta a rufin zaure har ta bushe, da ruwa ya sauka ya shuka a filin bayan gida. Ƙanena da ke zaune a gidan yanzu shi yake shukawa, kuma duk kaka yakan aiko mini da kwano biyu ko uku a mota, in dama kunu.