Hayaƙin motar Yaya

Motar gidanmu tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas, kuma yayana ne yake tuƙa ta. Ita ke kai wakenmu da geronmu daga Wagini zuwa kasuwar Batsari. Amma babban aikinta ɗaukar Baba ne, wanda ciwon baya ya hana shi hawa babur, zuwa asibiti a Katsina duk wata, kwance a kan katifa.

Shekarar da injinta ya gaji, wani bakanike a Batsari ya sauke shi, ya sa sababbin fistan da ringi. Ina tsaye a wurin ya ce wa Yaya:

"Wannan gyaran shi ne na ƙarshe. An rarake silinda har iyaka, in ta sake lalacewa sai wani inji. Ka bi ta a hankali tukuna. Tabo, abin nan mai hura wa inji iska, na daidaita iskar da zai tura, famfon mai na daidaita shi da ita. Kar ka taɓa ko ɗaya."

Yaya ya ce to, irin to ɗin nan nasa da ba ya wuce leɓe.

Shi Yaya, kafin tuƙi, turkar shanu ce sana'arsa, kuma har yau duk abin da ya gani da idon mai turka yake kallonsa. A wurinsa, bijimi in ya tashi daga ciwo dusa ake ƙara masa, don haka inji ma sai a ƙara masa mai. Ga kuma 'yan tasharmu, malaman banza, waɗanda a karatunsu ƙarfin mota a baƙin hayaƙi yake da kukan tabo. Da suka ga motarmu tana wucewa shiru, ba hayaƙi, sai suka taso shi gaba.

"Oga, wagga mota taka azumi take? Ko tari ba ta yi!"

Washegari na same shi a ƙofar gida da sifana, kansa cikin bonet. Ya murɗa sukurun famfon mai. Ƙaramar sandar nan da ke buɗewa ta rage wa tabo iska in ta yi yawa, ya ɗaure ta tamau da wayar shinge.

Na ce, "Yaya, ba an ce kar a taɓa ba?"

Ya ce, "Kai mi ka sani? Su bakanikai rowar mai gare su. Horon yunwa ya yi mata."

Ya tayar da ita. Hayaƙi ya turnuƙe har awaki suka tsere, tabo yana ihu kamar an taka wutsiyar kare, shi kuwa baki har kunne. Wallahi haushi ya cika ni, amma ƙani ba ya ƙwace wa wa sifana.

Ranar kasuwa ya yi mata lodin wake har ya fi ƙarfin gefenta, na zauna a gaba. Da muka zo tasha sai da ya take totur don a gani, 'yan tasha suka yi shewa suna ɗaga masa hannu. Da muka miƙi hanya allurar zafi ta fara hawa. Na nuna masa, ya ce ai zufa take, alamar lafiya ce. A wani ɗan hawa, wanda jaki da kaya yake haye shi bai ja numfashi ba, muka ji ƙwas, sai farin tururi. Motar ta mutu.

Da bakaniken ya buɗe injin bai yi faɗa ba. Fistan ɗin kawai ya miƙo mana, samansa ya narke ya huje, silindar kuma ta tsage. Yaya ya jujjuya shi a hannu, abin da ya samu ya faɗa shi ne ai kayan yanzu duk jabu ne. Daga cikin masu shewar nan ko mutum guda bai leƙo ba.

Ranar asibitin Baba ta zo, ba ta jira kowa ba. Muka ɗora shi a babur ɗina, ni a gaba, shi a tsakiya, Yaya a baya yana rungume da shi don kada ya zame. Hanyarmu kuwa rami ne bayan rami. Baba bai yi wa kowa faɗa ba. Duk ramin da muka faɗa dai sai ya ce "Wash, Allah," a hankali, don kada mu ji. Ni iska tana ɗauke mini rabin nishin. Yaya, da kunnensa yake dab da bakin tsohon, babu ko ɗaya da ya wuce shi har muka kai bakin titi.